Kunama Ba Ta Tsatsa

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakinmu a makaranta ya san da wata 'yar tankar yaƙi da nake ajiyewa a kan akwatina, wadda tsawonta bai wuce tafin hannu ba. Abokaina sun sha yi mini tsiya a kanta. Wasu su ce ƙato da gemu yana wasan yara, wasu su ce in dai soja nake so me ya kawo ni Sashen Hausa, masu lura daga cikinsu kuma su tambaye ni abin da ya haɗa tankar yaƙi da 'yar butar da ke rataye a gefenta. Na daɗe ina yi musu alkawarin zan ba su labari. To, da yake an ce alkawari kaya ne, ga shi na sami fili a wannan mujalla tamu, bari in sauke. Sai dai ina roƙon mai karatu ya yi mini afuwa idan ya ga Hausar ta yi ɗingishi a wani wuri, domin ni ba a nono na sha ta ba, a titi da aji na tsince ta.

Ni ɗan ƙabilar Tibi ne, iyayena mutanen wajen Gboko ne a Jihar Binuwai. Aikin soja ne ya kawo mahaifina Bauchi, domin kuwa a nan ne cibiyar rundunar tankokin yaƙi ta sojan Nijeriya take, tare da makarantarsu ta horarwa a Barikin Obienu. Ya shiga soja a 1984, ya yi ritaya a 2019 yana samanja. Tun ina aji uku na firamare ya sayi ɗan fili a Fadaman Mada ya yi mana gini, muka zauna a nan tare da Mama, shi kuwa duk inda aka tura shi sai ya je ya dawo. Har yau 'yan unguwa Baba Samanja suke ce masa.

A Fadaman Mada na koyi abubuwa biyu a lokaci guda, wato Hausa da ƙera mota. Da kaka ta yi sai mu bazama neman karan dawa, mu ɓare bayansa mu yi tsinke da shi, mu yanka totuwar mu harhaɗa, kafin la'asar kowa ya fito da motarsa. Da muka ƙara wayo sai muka koma motar waya da ta langa-langa, tsohon silifa kuma shi ne taya. Ni ne gwanin layinmu, har yara kan ba ni alewa in yi musu sitiyari. Da na shiga sakandare na watsar da abin, na ɗauka na bar shi ke nan.

Kafin in ci gaba, dole in faɗi wani laifi da na yi, don shi ne tushen labarin. Mahaifina Hausar bariki yake yi, wadda a aji muke kira Barikanci. Tun zamanin Turawa Hausa ce harshen da ke haɗa sojojin da suka fito daga ƙabilu daban-daban, kowa ya ɗauki abin da zai iya ɗauka ya ƙara gaba. Baba ba ya bambanta namiji da mace a magana, kowa "ya zo" ne. Ba ya furta ƙ da ɗ da ɓ da ts, saboda haka a bakinsa ƙasa da kasa duk abu ɗaya ne. Da na gama zangon farko a jami'a, na koyi ɗan abin da na koya na tsarin sauti, sai kaina ya kumbura. Wata rana 'yan ajinmu biyu suka kawo mini ziyara gida, Baba ya fito yana yi musu maraba, ya ce, "Mamansa ya tafi kasuwa, yanzu zai dawo." Na ga ɗaya daga cikinsu ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Sai na buɗe baki a gaban baƙi na ce, "Baba, ta tafi ake cewa." Bai ce uffan ba. Ya dube ni, ya gyaɗa kai, ya koma ciki. Daga ranar bai sake yi mini Hausa ba, sai Tibi, ita ma sai ta kama dole. Shi da ma ba mai yawan magana ba ne, ga shi kunnensa na dama ya yi nauyi. Muka zama kamar baƙi biyu da suka kama haya a gida ɗaya.

Ana cikin haka malaman jami'o'i suka shiga yajin aikin nan na 2022, wanda ya faro ranar 14 ga Fabrairu, bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba. Wata takwas cur ina gida. Wata rana Mama ta sa ni in fito da kayan tsohuwar adakar Baba a shanya saboda gara, sai wani hoto ya faɗo. Samari uku ne cikin kaki, suna zaune a kan wata 'yar ƙaramar tanka, an rubuta ECOMOG da farin fenti a jikinta. Na kai masa na tambaye shi. Ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya ce da Tibi, "Kunama ce. Ni ne direba." Ya miƙo mini hoton ya ci gaba da sauraron rediyonsa.

Daren nan na kwana bincike a waya. Ashe sunan tankar ke nan da Turanci, wato Scorpion. Kamfanin Alvis na Ingila ne ya ƙera ta, sojan Birtaniya suka fara aiki da ita a 1973, Nijeriya ma ta saya. Nauyinta kimanin tan 8 ne kacal, tana ɗaukar mutum uku: kwamanda da maharbi da direba. Faɗin bakin igwarta milimita 76 ne, injinta kuwa na fetur ne ƙirar Jaguar, shi ya sa take da gudun tsiya. Na kuma gano dalilin da ya sa sunan tankar yaƙi ya yi kama da na tankin ruwa. Lokacin da Ingila ke ƙera na farko a Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai aka baza cewa tankunan ruwa ake yi don kada abokan gaba su farga. Aka fara shiga yaƙi da su ranar 15 ga Satumba, 1916, a yankin kogin Somme a Faransa, sunan kuma ya bi su har yau.

A cikin wannan bincike ne na ci karo da wata duniya da ban san da ita ba. Ashe akwai magidanta, har da masu furfura, a Japan da Turai da Amurka, waɗanda abin da suke ɗebe kewa da shi ke nan, wato harhaɗa ƙananan tankoki. Kamfanoni irin su Tamiya na Japan da Airfix na Ingila suna sayar da sassan roba a kwali, mutum ya manna, ya yi fenti. Awon da ya fi shahara shi ne ɗaya bisa 35, ma'ana duk abin da ya kai santimita 35 a jikin tankar gaske, santimita ɗaya zai zama a jikin ƙaramar. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne matakin ƙarshe. Bayan mutum ya sha wahala ya yi fenti mai kyau, sai kuma ya zauna ya ɓata shi da gangan, ya sa ƙura da laka da tsatsa da tabon mai, har abin ya yi kama da wanda ya sha gwagwarmaya. Na rasa sunan da zan ba wannan aiki da Hausa, daga baya na kira shi tsufarwa.

Na zaga kasuwar Wunti da ta Muda Lawal ban ga mai sayar da irin wannan kwali ba, kuɗin yin oda daga waje kuwa ya fi ƙarfin aljihun ɗalibin da ke zaman yajin aiki. Sai na ce da tsohuwar zuma ake magani, na koma wa sana'ata ta yarinta, amma a wannan karon da rula da lissafi. Tsawon Kunama kimanin mita 4.8 ne, idan aka raba da 35 sai a sami kusan santimita 14. Na yanka gangar jikin daga farar robar bokitin fenti, na goge gefunan da samfefa, na manna da gam mai kama nan take. Ƙafafunta biyar-biyar ne a kowane gefe, ban da mai haƙora da ke gaba wadda ke jan sarƙa da kuma ta baya, saboda haka na je wurin telan layinmu na zaɓo maɓallan kwat masu girma ɗaya. Bututun tawadar biro ya zama igwa, domin raminsa bai wuce milimita biyu ba, daidai da lissafi. Sarƙar ce ta kusa sa ni kuka. Na yanka tubun keke siriri, na riƙa manna gutsattsarin gwangwanin madara ɗaya bayan ɗaya, na yi kwana tara a kanta, yatsuna duk suka sha reza. Ɗakin da ke juyawa a sama, inda kwamanda da maharbi ke zama, sau uku ina yin sa ina rushewa. Ƙoƙo na sa masa suna, don ya yi mini kama da ƙoƙon da aka kife.

Fenti kuwa wurin wani mai fentin mota na samo ragowar kore da baƙi a murfin kwalba. Da ya bushe sai na shiga tsufarwa kamar yadda na gani a bidiyo. Na tsinka baƙin fenti da kananzir ya yi ruwa-ruwa, na ɗiga a lunguna don su yi duhu. Na kankare tsatsar tsohon kwanon rufi na shafe jikin da ita. Na tankaɗe jar ƙasar ƙofar gidanmu na barbaɗa, ta yi buɗu-buɗu kamar motar da ta kwana a waje da hunturu. A ganina na gama gwaninta.

Ranar wata Lahadi da yamma na ajiye ta a kan tabarmar Baba ban ce komai ba. Ya ɗauka, ya juya ta, ya ƙirga ƙafafun da yatsa. Ina jiran yabo, sai na ji ya yi tsaki. Abin da ya fito daga bakinsa da Hausa ya fito, karo na farko cikin fiye da shekara guda: "Wannan moto bai je yaki ba. Wa ya gaya maka Kunama yana sasa?"

Ai kuwa rashin sani ya fi dare duhu. Ashe jikin Kunama ba baƙin ƙarfe ba ne, alminiyon ne, dangin wanda ake tukunya da shi, an yi haka ne don ta yi sauƙin nauyi. Idan fentinta ya kankare fari take nunawa, ba ta yin ja. Tsatsa sai dai a sarƙa da salansa da kayan aikin da ake ɗaurawa a jiki, irin su shebur da diga. Sa'an nan ya ce ƙurar da na barbaɗa ta Bauchi ce, a Laberiya laka suka sani. Daga baya na duba na ga ruwan da ake yi a Monrobiya a shekara ya ninka na Bauchi kusan sau huɗu, ga fadamu sun kewaye birnin. Na karanta shafuka sun fi hamsin, amma abin da ya gani cikin minti ɗaya ban gan shi ba. Gaskiyar Hausawa ne da suka ce gani ya kori ji.

Washegari da safe na same shi zaune ya sa tabarau, ya ce in kawo kananzir mu wanke. Muka yi mako uku muna aikin tare, ni da burushi, shi da baki. Ya nuna mini inda takalma ke goge fenti idan ana hawa, na ɗangwali fentin azurfa da guntun soso na ɗan taɓa wurin. Na goga bakin fensir a haƙoran sarƙa don su yi ƙyallin ƙarfen da ke cin ƙasa. Na kankaro baƙin gindin tukunyar Mama na shafa a bakin igwa da salansa. Na kwaɓa ƙasa da farin gam ɗin kafinta na cusa a tsakanin ƙafafu, na bi da jan farcen ƙanwata marar launi don lakar ta zama kamar ɗanya. Duk inda na zarce sai ya ce, "Rage. Soja yana wanke motonsa." A nan na gane tsufarwa ba ɓata abu ba ce. Kowane tabo sai an san abin da ya kawo shi da inda ya kamata ya zauna.

Ana aiki yana magana, kaɗan-kaɗan, idonsa a kan tankar. Na san daga karatu cewa dakarun ECOMOG sun sauka Monrobiya ranar 24 ga Agusta, 1990, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, wanda shi ma hafsan rundunar tankoki ne, kuma Nijeriya ce ta ba da mafi yawan sojojin. Na san cewa ranar 15 ga Oktoba, 1992, mayaƙan Charles Taylor sun kai wa birnin babban farmaki ta cikin fadamu. Abin da babu shi a littafi shi ne zafin da direba ke sha, domin yana zaune ne a gaba ta hagu, injin yana damansa, ƙarar tana cin kunnensa. Babu kuma labarin maharbinsu, wani Bakatsine da Baba ke kira Malam kawai. Shi ne na tsakiya a hoton. Lokacin da Baba ya shiga soja ba ya jin Hausa sai "zo" da "tafi". Malam ne ya riƙa koya masa a daren gadi, kalma ɗaya a bakin kalmar Tibi ɗaya. Idan Malam zai yi salla Baba ne ke riƙe bindiga ya tsaya a kansa, ranar Lahadi kuma shi ya karɓi aikin Baba don ya je coci. Yana da wata butar roba da yake ratayewa a bayan ƙoƙo, kwamandansu ya yi faɗan ya gaji ya ƙyale shi.

A cikin makonnin farmakin nan ne, wata safiya suna tsare da wata hanya a bakin fadama, Malam ya leƙo da kansa waje don ya duba. Harbi ɗaya aka yi daga cikin ciyawa. Baba ya ce da ƙura ta lafa suka je wurin, wanda suka tarar kwance da bindiga yaro ne da bai wuce shekara goma sha biyu ba, sanye da silifa. Na tambaye shi wa ya harbi yaron. Ya yi shiru har na ɗauka kunnen ne bai ji ba. Can ya ce, "Ni direba ne." Ban sake tambaya ba, domin ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ya ce ya ci gaba da tuƙa Kunama da butar nan a rataye har ranar da aka dawo da su gida. Sa'an nan ya dube ni, karo na farko tun da muka fara aikin, ya ce, "Hausa da kake gyara mini, nasa ne. Abin da na iya dauka ke nan."

Mai karatu, ban san inda zan sa kaina ba. Na durƙusa na ba shi haƙuri da Tibi, na sake ba shi da Hausa. Ya ce in tashi in nemo abin da za a yi buta. Na samo wani ɗan dutsen ado shuɗi daga tsinkakkiyar sarƙar wuyan ƙanwata, na lanƙwasa siririyar wayar lantarki ta zama hanci da mariƙi, na rataya a inda ya nuna. Muka gama a tsakiyar Oktoba, shekara 30 daidai da wancan farmaki, a makon da aka janye yajin aiki.

Akwai abu ɗaya da ya rage mini a zuciya, wanda har yanzu ban gama warware shi ba. Da labari ya bazu a unguwa, yara suka cika ƙofar gidanmu suna son gani. Nan da nan suka rabu gida biyu, suka ɗauki kara suna "tau! tau!", wani ya faɗi ya mutu, ya tashi yana dariya. Baba ya fito ya daka musu tsawar da ban taɓa jin irinta ba, suka watse. Daren nan na tambayi kaina, shin wannan abin da nake yi ba ƙawata kisa ba ne? Mu da muka tashi a Arewa maso Gabas mun san yaƙi ba labarin nesa ba ne, mun ga waɗanda suka gudo daga Borno da Yobe suka zauna a cikinmu. Tanka ko ta kai ina kyau, don kashe mutane aka ƙera ta. Amsar da na iya ba kaina ita ce, wadda na fara yi, mai ƙurar ƙarya da tsatsar ƙarya, ita ce abin wasa. Wannan ta biyun kuwa duk tabon da ke jikinta akwai wanda ya biya shi. Tun daga lokacin, duk yaron da ya ce in yi masa tanka sai in ce a'a, in koya masa motar ɗaukar kaya ko tarakta, da awo da lissafi. Biyu daga cikinsu yanzu sun fi ni iya yanka roba.

Ranar da zan koma makaranta na ɗora tankar a kan rediyon Baba, a zatona zai so ta zauna kusa da shi. Sai ya sa ta a kwalin takalmi da kansa, ya cusa tsumma a gefe don kada sarƙar ta karye, ya miƙo mini ya ce, "Tafi da shi. Na gani, ya isa." Dalilin zamanta a kan akwatina ke nan.

Yanzu da na kai aji huɗu, na zaɓi in rubuta kundin digirina a kan Hausar tsofaffin sojoji mazauna Bauchi, malamina kuma ya amince. Duk hutu nakan zauna da Baba da abokansa 'yan fansho in ɗauki maganarsu a waya, in rubuta ta yadda suka faɗe ta, ba tare da na gyara ko harafi ɗaya ba. Ina gaggawa, domin kunnen Baba na hagu ma ya fara nauyi, kuma daga cikin dattawa shida da na fara da su, ɗaya ya riga mu gidan gaskiya a bara.

Kirana ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman mu da Hausa ba harshen uwa ba ce gare mu, shi ne mu koyi daidaitacciyar Hausa iyakar ƙoƙarinmu, don ita ta kawo mu nan, kuma da ita za mu ci jarrabawa. Amma idan muka koma gida muka ji tsoho ya ce "mamansa ya tafi kasuwa", mu fara tambayarsa wa ya koya masa, kafin mu yi masa gyara. Allah ya jiƙan Malam, ya jiƙan yaron nan mai silifa, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin.